Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

A bakin titi na fara sanin Jidda, ina zaune a kan jakata kusa da katangar tashar jiragen ruwa. Mutumin da ya kawo mu Umra daga gida, wanda ya rantse mana cewa aiki na jiranmu da ɗaki da iƙama, wato takardar izinin zama, shi ya sauke ni a wurin da hantsi. Ya karɓi fasfona ya ce zai kai wa kafili, mai tsaya mini a ƙasar, ya gani, in jira shi minti goma. Yau shekara goma sha biyu ke nan minti goman nan ba su cika ba. Ba na yi masa mugun baki, amma in na ce ina yi masa addu'ar alheri na yi ƙarya.

Zafin Jidda ba irin namu ba ne. Namu ƙuna yake yi, nasu jiƙa mutum yake yi, kina zaune kawai ki ji riga ta manne miki a baya. Manyan motoci ɗauke da kwantena suna ta wucewa suna busa mini hayaƙi, ni kuwa duk motar da ta rage gudu sai in miƙe in gyara mayafi. Wani ɗan Yaman mai gasa burodi a tsallaken titi ya yi ta kallona. Da azahar ta yi sai ya tsallako da burodin nan nasu mai faɗi da ake kira tamis, da zafinsa, da ruwa a gora, ya ajiye a gabana ya koma bakin aikinsa. Ban san yadda ake godiya da Larabci ba a lokacin, sai na ɗaga masa hannu biyu. Ina ci ina kuka, har da majina.

Wajen la'asar ma'aikatan tasha suka fara fitowa. Ni ban ma san a fili nake cewa "wayyo Inna, wayyo ni Rabi" ba, sai da wani dogon mutum da rigar aiki ya wuce ni, ya tsaya, ya dawo da baya.

"Inti... ke Hausa?" ya ce.

Na ce eh.

"Taho. Gidan Ummi. Babu tsoro, wallahi."

Hausarsa a karye take, ya fi jin ta fiye da faɗa. Sunansa Faisal, a Jidda aka haife shi. Na ɗauki jaka na bi shi a baya da tazara, don na lissafa cewa wadda aka cuta da safe ba ta da sauran abin da za a cuce ta da yamma.

Gidan uwarsa a Ammariyya yake, wani tsohon bene mai ƙuntatacciyar matattakala, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga ruwa a kan duk mai shiga. Zainabu sunanta. Kakanninta da ƙafa suka zo aikin Hajji ta Sudan, ba su koma ba. Ita ba ta taɓa ganin Najeriya ba, amma duk Juma'a sai ta tuƙa tuwo da miyar kuka, kuma in kika ce mata kukar ta tsufa sai ku ɓata. Na tarar da mata biyar a falonta, duk irina ne, waɗanda hanya ta watsar ita kuma ta tsince.

"Ya binti, halas, kukan ya isa," ta ce. "Duk wadda kika gani a nan da kuka ta shigo. Kina da awlad? 'Ya'ya?"

"Biyu, Hajiya. Maza. Babansu ya rasu, suna wurin mahaifiyata."

"Allah yarhamu. Khala za ki ce mini, kamar 'yar'uwar mahaifiyarki, ban da Hajiya. To, mene ne sunan babban? Nan ba ma kiran mace da sunanta kamar wata yarinya. Da ɗan fari ake kira. Ni Ummu Faisal. Ke Ummu wa?"

Matan nan biyar suka zuba mini ido. Na buɗe baki, na rufe.

"Nasiru," na ce.

Nasiru ƙaramin ne, yana da shekara huɗu na bar shi. Babban yana da takwas, kuma tun ranar da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa furta sunan nan ba. Mu a Bakori haka muka tashi muka tarar, ɗan fari na kunya ne. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ya fasa gwiwa ki kau da kai wata ta ɗaga shi. Haka Inna ta yi wa yayanmu har ya yi furfura. Ni "kai" nake ce wa nawa, in zan yi maganarsa in ce "yayan Nasiru". Ko ranar da na kai shi makaranta aka ce in faɗi suna a rubuta, maƙwabciyata na jawo ta faɗa. To, mai irin wannan baki ce za ta buɗe shi a gaban baƙi ranar farko? Na ɗauka suna ne na kwana biyu kafin in koma gida. Kafin sati ya zagayo, daga mai kanti har limamin layi, kowa Ummu Nasir.

Shekara uku na farko a titi na yi su. Muna shimfiɗa tabarma kusa da tsohuwar kasuwa, muna sayar da gyaɗa da turaren wuta da yajin daddawa. In aka ce ga motar kame, sai ki tattare kusurwa huɗu na tabarmar ki ranta a na kare. Na koyi gudu cikin abaya, abin da ban iya ba ko ina budurwa, kuma takalman da na bari a lungunan nan za su buɗe shago. Daga nan Khala ta samo mini jinyar wata tsohuwa Balarabiya a Aziziyya. Da masifa ta koya mini Larabci, kowace kalma da tsawa na karɓe ta. Watan farko "ya Takruniyya" take kirana, sunan rainin da suke yi wa irinmu baƙin Afirka. Ranar da na tsefe mata kai na yi mata kitso biyu, ta riƙe hannuna ta ce Ummu Nasir, kuma ba ta sake kirana da wani abu ba har ta rasu a hannuna bayan shekara biyar.

Komawa gida kuwa babu hali. Ba fasfo, ba iƙama. In na miƙa kaina za a mayar da ni, amma ƙofar ta rufe ke nan, kuma bakuna uku ne ke ci daga hannuna a Bakori. Abin da ya fi damuna ba aikin ba ne, ruwan sama ne. A Jidda sai a shekara ba a ga hadari ba, in ma ya zo ba ya kawo ƙamshin ƙasa, sai warin kwalta. Na taɓa jiƙa guntun fasasshiyar tukunyar ƙasa da ruwa ina shinshina a kicin ɗin tsohuwar, ta shigo ta kama ni, ta ce na haukace.

Duk Juma'a nakan kira gida. In gaisa da Inna, in ce a ba ni Nasiru, mu yi ta shirme, ya ba ni labarin akuya da wanda ya mare shi a makaranta. Can ƙarshe sai in ce, kamar abin bai dame ni ba, "Yayan naka fa, yana nan?" Sai a miƙa masa.

"Umma, ina wuni."

"Lafiya. Kai, ana karatu?"

"Ana yi."

"To, a dage."

Shi ke nan hirarmu, shekara da shekaru. Alhali tun Laraba nake jiran muryar nan. Ni na fara jin ta fashe ta zama ta namiji, na kwana biyu ina murmushi ni kaɗai. Na san tsawon ƙafarsa, don nakan sa Inna ta auna mini da zare ta faɗa mini. In na aika kaya, nasa ne mafi kyau, amma ba na rubuta suna a kai, sai in ce wa Inna "baƙin takalmin a ba wa babban". A ganina duk wannan a bayyane yake. Ai kowa ya san wanda uwa ta fi kau da kai daga gare shi.

A shekarata ta tara, ranar ƙaramar Salla, muka yi kiran bidiyo daga falon Khala. Gida cike da mata, ana ta rabon dabino da gahawa. An miƙa masa wayar ke nan, ina kallon gashin bakin da ya fara fito masa ina yi kamar ban gani ba, sai Khala ta ƙwala daga kicin, "Ummu Nasir! Ta'ali, shinkafarki za ta kama!" Wata ma ta ƙara, "Yalla ya Ummu Nasir!"

Na ga fuskarsa ta tsaya. Yaron da ya yi shekara goma a Islamiyya, Larabcinsa ya fi nawa tsabta.

"Umma, me suka kira ki?"

"Ai haka suke yi a nan, kowace mace da..."

"Na san yadda suke yi," ya ce a hankali. "Da ɗan fari ake yi."

Ya miƙa wa Nasiru wayar. Daga ranar bai sake karɓa ba. In na kira, ya tafi shagon walda inda yake koyon aiki, ko ya tafi masallaci, ko barci yake yi da ƙarfe huɗu na yamma. Na aika masa agogo, ya ba Nasiru ya ce na mai suna ne. Inna ta ce in ƙyale shi, ƙuruciya ce, zai huce. Shekara biyu bai huce ba. Ina da lambar wayarsa, Nasiru ya ba ni, nakan buɗe in kalli hotonsa in rufe. Me zan ce? Maganar gaba ɗaya a kan kalma ɗaya take, kuma ita ce ba na iya faɗa. Na bar gida don kada su rasa komai, ga shi ina rasa ɗaya daga cikinsu ina ji ina gani.

Cikin wannan hali Faisal ya zo mini da maganar aiki. Shugabansa a tasha, wani Bature ɗan Ingila mai suna Tom, mai kula da kwantenonin wani kamfanin jiragen ruwa, matarsa tana da ciki suna neman mai taimako. Matar 'yar Kolombiya ce, Lusiya. Ban taɓa jin sunan ƙasar ba, sai da ta nuna mini a taswira, ta ce Sifaniyanci suke yi. Gajeriya ce mai saurin magana da saurin kuka, in tana dariya har buga tebur take yi. Larabcinta na kasuwa ne, Turancina na aji uku na sakandare, sauran mu cike da hannu. Ranar farko ta tambayi sunana na yanka, na ce Rabi. Ita ce mutum ta farko a Jidda da ta kira ni da shi.

Da likita ya ce namiji ne, sai gidan ya koma kotun suna. Matsalar kakanni biyu ce. Ta Ingila ba ta jin Sifaniyanci, ta Kolombiya ba ta jin Turanci, kuma Madam Lusiya ta rantse ɗanta ba zai tashi da suna biyu ba, a kira shi wani abu a dangin uba, wani abu a dangin uwa. Ita kanta abin na ci mata rai, shekara shida surukarta tana yanke mata suna tana ce mata Lusi. "Suna ɗaya nake so, Rabi," ta ce, "wanda duk mai son yaron nan zai iya kira."

Suka manna takarda a jikin firji. Duk sunan da ya shiga takardar sai ya ci jarrabawa. A tura wa tsofaffin biyu, kowacce ta faɗa a saƙon murya, a saurara. In ya tsallake, Madam ta tsaya a ƙofar kicin da cikinta a gaba ta ƙwala shi sau biyu, ɗaya kamar tana kiran yaro cin abinci, ɗaya kamar ta kama shi yana hawa tebur. Daga nan sai ni, don ta ce ni ce baki na uku.

Mista Tom ya so sunan babansa, Gireham. Kakar Kolombiya ta gwada sau uku, kamar wadda ƙayar kifi ta maƙale wa, a na huɗu ta ce Allah ya ba su haƙuri. Madam ta so Hoakin. Kakar Ingila ta karanta daga takarda ta ce Jokwin, Madam ta yi dariya har sai da na riƙe ta kada ta haihu a kicin. Daniyel ya ci jarrabawa, sai aka tuna akwai uku a danginta. Lukas ma ya ci, har an fara murna, sai Mista Tom ya tuna sunan karen ƙanwarsa ke nan. Na ce kare? Da sunan mutum? Ya ce eh, har da ranar haihuwa ake yi masa. Na ce to Allah ya kyauta. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa na ce su sa masa Ɗanjuma in ya zo ran Juma'a kowa ya huta. Su biyun suka gwada, na ce su bari, sun isa haka.

Ni dai abin yana ba ni dariya, yana kuma ba ni mamaki. Mu liman ne zai raɗa, uba ya zaɓa daga iyayensa, a yanka rago a watse. Ban taɓa ganin mutanen da suka ɗauki kiran suna da baki a matsayin babban aiki haka ba.

Wata safiya ina yanka albasa Madam ta shigo da waya a hannu, idonta na ƙyalli. "Rabi, saurara." Ta kunna. Muryar tsohuwar Ingila, a nutse: "Omar." Ta kunna ɗayan. Tsohuwar Kolombiya, da ihu: "Omar! Omarsito!" Iri ɗaya sak. Madam ta ce a ƙasarsu akwai masu sunan da yawa ko da ba Musulmi ba ne, ƙanen kakanta ma haka sunansa, Tom kuma ya ce ya dace da yaron da za a haifa a Jidda. Ta tafi ƙofar kicin ta ƙwala, "Omar, zo ka ci abinci!" Ta sake, "Omar, sauko daga nan!" Ta juyo tana haki.

"Saura ke."

Wuƙar tana hannuna. Sunan ɗana ne. Sun ɗan buɗe farkonsa, amma shi ne.

"Yana da kyau, Madam."

"Ki faɗa."

"Sunan kirki ne. Sunan babban sahabi ne."

"Na sani. Ki faɗa in ji."

Na kalli albasa. Murnar ta sauka daga fuskarta a hankali.

"Haramun ne mu sa? Don mu ba Musulmi ba ne?"

"A'a, wallahi."

"Mummunan abu yake nufi a yarenku?"

Na girgiza kai. Ta ɗauki biro daga kan firji. "In ba za ki iya kiransa ba, ba shi da amfani. Ke za ki riƙa yini da shi." Ta ja layi a kan sunan.

Layin nan ne ya ƙarasa ni. Ban san lokacin da na ce da ƙarfi, "Kada ki soke shi! Sunan ɗana ne."

"Nasir?"

"Babban."

Ta ajiye biron. "Kina da wani ɗa?"

Wata huɗu ina gidan. Ta san Nasiru, ta san akuyarsa, ta ga hotonsa. Ba ta san akwai wani ba. A nan na ga abin da yaron ya gani ranar Salla, na gan shi da idon wanda ke waje. Na zauna a kan kujerar kicin, na yi mata bayani da duk yaren da ya zo bakina, kunyar ɗan fari, Inna da yayanmu, ranar farko a falon Khala, agogo.

"Ko sau ɗaya ba ki taɓa faɗa ba?" ta ce. "Ko ke kaɗai a ɗaki?"

"A zuciya, kullum."

Tana hawaye, ni kuma hawayen nata ya ba ni haushi. Na ce mata kada ta ɗauka mu ba mu san so ba. Kunyar nan ita ce son, abin da ya fi girma a ranki shi kike rufewa. Na faɗa da zafi, har da nuna ta da yatsa, abin da ban taɓa yi wa uwar ɗaki ba.

"Na yarda," ta ce. "Amma lokacin kina kusa da shi, yana ganin ke kike dafa masa abinci. Yanzu murya kaɗai yake da ita. Wa ya gaya masa kunyar nan so ce?"

Na tafi na wanke banɗakin da na riga na wanke da safe, na goge shi har hannuna ya yi ja. Da na fito tana kwance a falo. Na ɗauki biron na sake rubuta sunan a ƙarƙashin wanda ta soke, da rubutuna na 'yan firamare. Rubutu ba faɗa ba ne, wannan na iya. Na ce mata, "Ki sa masa. Zan koya."

Ran Juma'a na je Ammariyya na faɗa wa Khala gaskiya. Ta ajiye muciya ta dube ni sama da ƙasa.

"Aib alaiki! Shekara goma sha ɗaya kina sa ni ƙarya a gaban mutane?" Ta yi ta faɗa, rabi Hausa rabi Larabci. Can sai ta zauna. Ta ce kakarta haka take, ba ta taɓa jin ta kira ɗanta na fari, wato baban Khala, da suna ba, su suna yara sun ɗauka ba ta ƙaunarsa ne. Sai ranar da ya rasu tsohuwar ta daina cin abinci, kwana tara ta bi shi. "Da na sani da na tambaye ki sau biyu, ya binti," ta ce. "Laifina ne ni ma. Halas, daga yau Ummu Umar." Ta leƙa taga ta sanar da mai kanti. Na ji kamar an yaye mini zane a kasuwa, amma ban hana ta ba.

Yaron ya zo ran Talata da safe, ja-jawur, da gashi cike da kai. Aka rubuta Omar a takardar asibiti. Kakanni biyu suka yi ta kiran sunan a waya, kowacce na son ta fi ɗayar. Ni kuwa da aka dawo gida sai na koma halina. "Habibi." "Ɗan Madam." "Kai, malam." Madam tana ji, ba ta taɓa matsa mini ba, kuma na gode mata da wannan fiye da komai.

Yana da kwana ashirin da wani abu, ina yi masa wanka da hantsi irin namu, ina gasa masa jiki da tawul mai ɗumi ina miƙe masa gaɓoɓi. Madam tana barci. Ya tsandara ihu ya ƙi yin shiru, ya sandare, fuska ta yi jawur. Na jijjiga, na yi waƙa, ya ƙi. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Haba Umar, yi haƙuri mana."

Na waiga kamar ɓarauniya. Babu kowa. Rufin ɗaki bai faɗo ba. Na sake faɗa, a hankali, yadda muke faɗa a gida. Na naɗe shi a tawul na rungume, na yi ta faɗa a cikin gashin kansa, ina kuka. Ba wannan yaron nake kira ba, Allah ya sani. Wani nake kira mai shekara takwas, da ya tsaya a ƙofar zaure da littafin makaranta a hannu, na wuce shi na shafa kan ƙanensa.

Ranar ban bari la'asar ta yi ba, don na san in na kwana zan fasa. Na shiga ɗakin wanki na rufe ƙofa, na buɗe lambarsa. Sau shida ina ɗaukar murya ina gogewa. Na farko na yi dogon bayani kan al'ada, na ji kamar mai wa'azi. Wani na fara da "kai", na goge. Na ƙarshe babu komai a ciki sai wannan: "Umar. Ni ce, Ummanka. Umar." Na tura na ajiye wayar a cikin kwandon kaya kamar za ta cije ni.

Kafin magariba alama ta nuna ya saurara. Bai amsa ba. Washegari ma haka. Kwana huɗu ina duba waya har Madam ta daina tambayata, sai dai ta dafa kafaɗata in ta wuce. Na fara gaya wa kaina na makara, na zubar da kunyata a banza, ga ɗan ma ban samu ba.

A na biyar Inna ta kira, ba ma ranar Juma'a ba.

"Rabi, ashe Jidda cire wa mutum kunya take yi?"

Ko ina da shekara arba'in da biyu, in Inna ta yi wannan muryar sai in sunkuyar da kai.

"Ya zo nan ya kunna mini," ta ce. "Sau uku. Wai in saurara da kyau in gaya masa ko muryarki ce, ko wani ne ya haɗa don a yi masa wasa."

"Me kika ce masa, Inna?"

"Me zan ce? Na ce ni na haife ki, na san muryar marar kunyata." Ta yi tari, irin wanda take yi in ba ta son a gane. "Ya tafi bayan ɗaki ya daɗe. Ni dai ban ga komai ba."

Muna gama magana na ga saƙo ya shigo, daga lambar da ban taɓa samun komai daga gare ta ba. Daƙiƙa biyu ne tsawonsa. Ana jin ƙarar injin walda a bayansa, da wani yana kiran a miƙo masa guduma. Sai muryarsa, ta babban mutum.

"Na'am, Umma."